Yadda Ake Auna Tasirin Zafi a Kan Kiristal ɗin Amino Asid da Na'urar Raman

Idan amino asid, wato sinadarin da ake gina furotin da shi, ya daskare ya zama kiristal, kowace ƙwaya tasa (molikul) tana ɗauke da caji biyu: NH₃⁺ a gefe guda, COO⁻ a ɗaya gefen. Kan NH₃⁺ na wannan ƙwaya yana kama kan COO⁻ na maƙwabciyarta da ɗaurin haidirojin, kuma wannan ɗauri shi ke riƙe da jerin gaba ɗaya. Zafi shi yake fara taɓawa. Tun kafin ido ya ga wani canji, yadda ƙwayoyin suke girgiza ya riga ya sauya, kuma wannan girgiza ita muke karantawa. Ana haska kiristal da leza, ɗan kaɗan daga hasken da ya dawo sai ya zo da makamashin da ya ragu daidai gwargwadon girgizar da ya tayar. C. V. Raman ne ya gano haka a Kalkata a 1928. Na'urar tana zana sakamakon a matsayin tuddai a kan layi, kowane tudu da matsayinsa a ma'aunin cm⁻¹.

Abubuwa huɗu ne za su iya faruwa da kiristal a kan zafi: ya ɗan kumbura a hankali, ko ƙwayoyinsa su sake jeri, ko ruwan da ke cikinsa ya fita, ko sinadarin ya fara ruɓewa. Duka huɗun suna motsa tuddai. Aikinka shi ne ka bambanta su, kuma ka tabbatar zafin da ka rubuta shi ne zafin kiristal ɗin na gaskiya. Mafi yawan sakamakon da ake watsi da shi a nan yake faɗuwa.

Za mu yi aikin da gilaisin, amino asid mafi ƙanƙanta, don yana da araha, yana saurin fitar da kiristal, kuma sauyinsa daga siffar gamma zuwa alfa, wato jeri biyu dabam na ƙwayoyinsa, sananne ne, saboda haka za ka iya gane ko hannunka ya faɗa daidai.

Kayan aiki

- Gilaisin mai tsabtar kashi 99 cikin ɗari ko fiye, da gishirin NaCl na ɗakin gwaji.
- Ruwan distil, bika mai ɗaukar mililita 100 guda biyu ko uku, takardar tacewa ko matatar sirinji mai ramin maikiromita 0.45, Parafilm, allura, hantsaki mai laushin baki.
- Desiketa, wato rufaffen kwanon busar da samfuri, da silika jel mai tsotse laima.
- Na'urar Raman mai maikiroskof. Leza ta nanomita 532 ta wadatar. Ta 633 ko 785 ta fi amfani idan samfuri ya fara ƙyalli, wato ya fara fitar da nasa hasken da ke rufe tuddai. Giretin, wato farantin da ke rarraba haske a cikin na'urar, mai layi 1800 a milimita ɗaya.
- Lens mai hangen nesa, ninki 20 ko 50. Lens na yau da kullum yana matsowa kusa da samfuri sosai, tagar akwatin zafi ba za ta bar shi ya kai ba, zafi kuma yana lalata shi.
- Akwatin zafi mai taga, irin Linkam THMS600 da ke aiki daga –196 zuwa 600 °C, tare da ƙananan gilasan ɗora samfuri.
- Tukunyar iskar naitirojin da ma'aunin kwarara.
- Guntun silikon don saita na'ura, da sinadarai masu sanannen zafin narkewa: benzoyik asid da indiyam.
- UPS mai iya ɗaukar leza da kwamfuta da akwatin zafi. Gwajin yana cin awanni da yawa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, samfurin ya huce ba bisa tsari ba, sai a sake daga farko da sabon kiristal.
- Damar amfani da na'urar DSC (mai auna zafin da samfuri ya sha) da TGA (mai auna nauyinsa a kan zafi), ko da a wani ɗakin gwaji ne.

1. Raino kiristal

Gilaisin yana narkewa kusan giram 25 a mililita 100 na ruwa a 25 °C. Auna giram 12 cikin mililita 50, ka ɗumama zuwa 40 °C kana juyawa har ya narke sarai. Tace shi da ɗuminsa zuwa bika mai tsabta, ka rufe da Parafilm, ka huda ramuka biyar ko shida da allura, ka ajiye inda babu girgiza kuma zafin ɗaki ba ya hawa da sauka. Daga ruwa zalla siffar alfa ce take fitowa. Don samun gamma, a haɗa da NaCl, mutane da yawa suna sa gilaisin kashi uku gishiri kashi ɗaya, ko a ɗiga ɗan asetik asid ko amoniya a ruwan. Gamma ta fi jinkirin fitowa, ka ba ta sati ɗaya zuwa biyu. Akwai siffa ta uku, bita, wadda take faɗowa idan aka kwarara etanol a cikin ruwan da ya ƙoshi da gilaisin, amma da ta shaƙi laima sai ta koma alfa. Mai koyo ya bar ta tukuna.

Lokacin hunturu iska a bushe take, ruwan zai tsotse da sauri ya bar maka ɓawon ƙananan kiristal a manne da juna. Rage ramukan zuwa biyu. Da damina kuwa matsalar ita ce jinkiri da fumfuna; sa bikar a cikin desiketa.

Zaɓi kiristal mai haske garau, marar tsaga, faɗin milimita ɗaya zuwa biyu, kaurinsa ƙasa da milimita ɗaya. Babba yana burge ido amma ba ya da amfani a nan, don samansa zai yi sanyi fiye da ƙasansa. Tsane shi a kan takardar tacewa, ka bar shi kwana ɗaya a desiketa. Ka tanadi aƙalla biyar daga bika ɗaya.

2. Gano siffar da ke hannunka

Kada ka amince da abin da ka yi niyyar rainowa, ko da abin da aka rubuta a kwalba. Gilaisin na kasuwa sau da yawa gamma ne, ko cakuɗen gamma da alfa. Ɗauki awo ɗaya a zafin ɗaki ka duba yankin miƙewar C–H. Alfa tana ba da tuddai biyu a wajen 2972 da 3007 cm⁻¹, na gamma kuwa suna ƙasa da haka da kusan 8 zuwa 10. Tudu mai ƙarfi na wajen 893 cm⁻¹ yana nan a duka biyun, saboda haka ba zai raba maka gardama ba. Idan akwai na'urar XRD, mai gano jerin kiristal da hasken X-ray, niƙa kiristal ɗaya ka tabbatar da ita.

Dalilin bambancin yana cikin jeri. Alfa tana da ƙwayoyi huɗu a kowane ɗakin jeri, a shimfiɗe shafi-shafi. Gamma tana da uku, a murɗe kamar igiya. Don haka tuddan da ke ƙasa da 200 cm⁻¹, waɗanda girgizar ƙwaya sukutum ne a cikin jeri, sun bambanta ƙwarai a adadi da matsayi.

3. Fara da DSC da TGA

Auna miligiram 3 zuwa 5, ka hau da zafi digiri 5 ko 10 a minti ƙarƙashin naitirojin. DSC za ta nuna inda samfuri ya sha zafi, TGA ta nuna inda ya rage nauyi. Shan zafi ba tare da raguwar nauyi ba alama ce ta sauyin jeri. Shan zafi tare da raguwar nauyi yana nufin ruwa ya fita, ko sinadari ya tashi ya zama hayaƙi, ko ya ruɓe. A gamma za ka ga ƙaramin shan zafi a wani wuri daga wajen 165 °C zuwa sama, babu asarar nauyi, sannan ruɓewa ta biyo baya a wajen 230 °C. Ainihin inda sauyin yake faruwa ya danganta da girman kiristal da yadda aka raine shi da saurin ɗumamawa. Don haka DSC ɗinka ta fito daga bikar da za ka yi Raman da ita.

Idan babu DSC, sadaukar da kiristal ɗaya: ɗora shi a akwatin zafi, ka hau da sauri kana kallo ta maikiroskof, ka rubuta inda ya dushe, inda ya tsage, da inda ya fara rawaya.

4. Saita na'ura

Kunna leza ka bar ta minti 30 zuwa 60 ta daidaita. Auna silikon, tudunsa ya zauna a 520.7 cm⁻¹. Maimaita wannan a ƙarshen gwaji. Wasu tuddan cikin ƙwaya 'yan cm⁻¹ kaɗan suke motsawa a tsawon digiri ɗari, saboda haka idan na'urarka ta zame da cm⁻¹ ɗaya tsakanin safe da la'asar, ta cinye wani babban kaso na abin da kake nema. Ɗakin da ke ɗumama da rana yana jawo wannan zamewa. A bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne tun kafin a fara. Silikon wuri ɗaya kawai yake gyara maka. Tunda za ka karanta har 3000 da wani abu, duba da folistirin, wanda ke da tudu a 1001 cm⁻¹ da wasu a yankin C–H, ko da fitilar niyon.

5. Saita akwatin zafi

Lambar da ke kan allo zafin tubalin ƙarfen da ke ƙarƙashi ce. Tsakaninsa da saman kiristal akwai gilashi, akwai siririn iska, akwai naitirojin mai wucewa. Ɗora ƙwayoyin benzoyik asid kaɗan a kan irin gilashin da za ka yi aiki da shi, da irin kwararar iskar da za ka yi amfani da ita, ka hau digiri ɗaya a minti kana kallo. Yana narkewa a 122.4 °C. Yi haka da indiyam, 156.6 °C. Idan kana da kuza mai tsabta, 231.9 °C, ka samu wuri na uku. Zana layin gyara tsakanin abin da allo ya nuna da zafin gaskiya, ka yi amfani da shi a kowace lamba da za ka rubuta. Ratar tana ƙaruwa yayin da zafi ke hawa, saboda haka wuri ɗaya bai isa ba.

6. Nemo ƙarfin lezar da ba ya ƙona samfuri

Wannan mataki shi aka fi tsallakewa. Leza tana tattara haskenta a ɗigon da bai wuce 'yan maikiromita ba, kuma wannan ɗigon yana iya fin sauran kiristal zafi. A zafin ɗaki, ɗauki awo da kashi 1, 5, 10, 25 da 50 cikin ɗari na ƙarfin leza. Fitar da matsayi da faɗin tudu ɗaya na ƙasan 200 cm⁻¹ a kowane awo. Inda suka fara motsi, leza ta fara ɗumama samfuri. Koma rabin wannan ƙarfin ka tsaya a nan. A yawancin lokaci 'yan miliwat kaɗan a kan samfuri sun isa. Gara a tsawaita lokacin awo da a ƙara ƙarfi.

Farin kiristal ba ya shan koren hasken leza ta 532 sosai, amma da zarar ya fara rawaya sai ya fara sha. Ƙarfin da bai yi komai ba a 30 °C yana iya huda rami baƙi a 200 °C. Duba wurin da ido bayan kowane awo a zafi mai yawa.

Idan na'urarka tana iya karanta ɓangarori biyu na layin leza, kana da ma'aunin zafi a cikin samfurin kansa. Kowane tudu yana da tagwai a ɗaya ɓangaren, wanda ake kira anti-Stokes, kuma rabon ƙarfinsu yana bin kusan exp(–ν/0.695T), inda ν ke cm⁻¹, T kuma a kelbin. Ga tudun 100 cm⁻¹, rabon kusan 0.62 ne a 25 °C, kusan 0.73 a 177 °C. Ga tudun 893 cm⁻¹ kuwa bai kai 0.02 ba a zafin ɗaki, ba zai aunu da kyau ba. Ka yi amfani da tuddan ƙasa.

7. Ɗora samfuri

Sa kiristal da fuskarsa mafi faɗi a kan gilashi, a tsakiyar tubali. Kada ka sa gam ko man shafawa: suna da nasu tuddan, suna ƙyalli, kuma suna matse kiristal idan ya so kumbura. Kewaye shi da ƙaramin zoben ƙarfe don kada ya gudu. Ɗauki hotonsa, ka lura da inda gefensa mai tsawo ya fuskanta, domin ƙarfin tuddan kiristal guda ya dogara da yadda ya kwanta a gaban hasken leza. Idan ya juya ko da kaɗan, wasu tuddai za su yi tsawo wasu su gajarta, ka ɗauka wani abu ne ya faru alhali juyawa ce kawai.

Rufe akwatin, ka saki naitirojin minti goma, sannan ka rage kwararar zuwa kaɗan ka bar ta haka har ƙarshe. Kada ka taɓa ta a tsakiyar gwaji, don layin gyaranka na mataki na biyar da ita aka yi shi. Bututun fitar iska ya nufi mazuƙar hayaƙi, saboda amino asid mai ruɓewa yana fitar da amoniya da wasu iskoki masu cutarwa.

8. Hawa da zafi da ɗaukar awo

Fara daga 30 °C. Hau digiri 10 a kowane zango, da saurin digiri 5 a minti. Idan ka isa, jira minti goma kafin ka auna. Sake saita tsinin lens kowane zango, domin tubali da gilashi suna kumbura, samfurin yana ɗagowa. Ɗauki awo uku na daƙiƙa 30 zuwa 60 a kowane yanki. Amfanin maimaitawa shi ne kawar da siraran tsinaye da hasken sararin samaniya yake bugawa a kamara; suna fitowa a awo ɗaya su ɓace a na gaba, kuma sun fi kowane tudu na gaskiya siranta.

Saura digiri 20 ka kai inda DSC ta nuna sauyi, rage zangon zuwa digiri 2, saurin hawa kuma digiri ɗaya a minti. Ka ci gaba da haka har ka wuce sauyin da digiri 10. Ga gilaisin, tsaya a 200 °C. Abin da ke gaba ruɓewa ce, kuma tun kafin nan hayaƙin sinadarin yana fara daskarewa a kan taga mai sanyi. Idan ka ga ƙarfin dukkan tuddai yana raguwa tare, duba tagar kafin ka zargi kiristal.

Yankunan da za ka karanta su ne waɗannan. Ƙasa da 200 cm⁻¹, girgizar jeri: nan ne sauyin jeri yake bayyana ƙarara. Matatar leza ta yau da kullum tana yanke komai ƙasa da kusan 100 cm⁻¹, sai mai matata ta musamman ko na'ura mai hawa uku yake gangarawa zuwa 10 ko 20. Wajen 480 zuwa 500 cm⁻¹, murɗewar NH₃⁺, wadda take jin duk abin da ya taɓa ɗaurin haidirojin. Daga 800 zuwa 1100, ƙashin bayan ƙwaya, C–C da C–N. Wajen 1410 da kuma 1570 zuwa 1600, miƙewar COO⁻. Daga 2900 zuwa 3050, C–H. Sama da haka, N–H, da O–H idan akwai ruwa.

A wurin sauyi, kiristal ɗin gamma yakan dushe ya tsattsage, wani lokaci ya yi tsalle ya bar inda leza take. Wannan ba kuskure ba ne. Nemo guntun da ya kwanta sosai, ka rubuta cewa wuri ya canza, kuma daga nan kada ka kwatanta ƙarfin tuddai da na baya; matsayi da faɗi kawai za ka kwatanta.

9. Sauko da zafi

Sauko da irin zangon da ka hau, kana aunawa har zafin ɗaki, sannan ka sake aunawa washegari. Kumbura ta yau da kullum tana komawa daidai inda ta taso. Sauyin jeri mai komawa yakan koma a zafin da ya yi ƙasa da inda ya faru. Gamma da ta zama alfa ba ta komawa idan ta huce: za ka sami tuddan alfa a 30 °C, kuma kana da alfar da ka raino daga ruwa zalla da za ka kwatanta. Wanda bai auna saukowa ba ya bar rabin hujjarsa a cikin akwati.

10. Fitar da lambobi

Cire layin tushe, wato layin da tuddai ke zaune a kai, da hanya ɗaya tak a dukkan awo, da wuraren kafawa iri ɗaya. Idan ka gyara kowanne da hannu yadda ya yi maka kyau, faɗin tuddai zai bi son ranka. A yankin ƙasa da 300 cm⁻¹, raba ƙarfin da n + 1, inda n = 1/(exp(ν/0.695T) – 1), saboda zafi kansa yana ƙara wa tuddan ƙasa tsawo ko da babu abin da ya canza a jeri.

Dace tuddan da siffar Lorentz, ko Voigt idan tudun ya kusa sirantar da na'ura take iya gani. Manhajar Fityk kyauta ce kuma ta isa. Origin ko lmfit na Python ma suna yi. Fara da awo mafi sanyi inda tuddai suke a rarrabe, ka ɗauki sakamakonsa ya zama mafarin na gaba. Kada ka ƙara tudu don kawai layi ya kwanta sumul. Ka ƙara shi ne idan abin da ya rage bayan dacewa ya nuna ƙusumbi a wuri ɗaya a awo uku ko huɗu a jere.

Sannan zana matsayi, da faɗi, da rabon ƙarfi, kowanne a kan zafi.

11. Karanta abin da ka zana

Idan tuddai suna gangarawa ƙasa a hankali a kan layi miƙaƙƙe, suna ƙara faɗi, adadinsu bai canza ba, kumbura ce kawai. Haka L-alanin yake yi: yana riƙe da jerinsa har ya kusa ruɓewa a wajen 300 °C, shi ya sa yake da kyau a gwada shi a matsayin abin kwatance. Lura da cewa miƙewar N–H tana iya hawa sama maimakon ta sauka. Idan ɗaurin haidirojin ya yi sako-sako, haɗin N–H kansa yana ƙara ƙarfi. Wannan ba sauyin jeri ba ne.

Haka kuma tuddai biyu maƙwabta da suka haɗe suka zama ɗaya ba hujja ba ce, domin faɗin da zafi ya ƙara musu ya isa ya haɗe su. A nan ake yawan yin da'awar sauyin da babu shi.

Sauyin jeri na gaskiya yana zuwa da alamu da yawa a zafi ɗaya: tuddan ƙasa da 200 cm⁻¹ su ɓace wasu su fito, matsayi ya yi tsalle ko karkatar layi ta karye, DSC kuma ta nuna wani abu a kusa da wurin. Wani lokaci za ka ga tuddan siffofi biyu tare a zango ɗaya ko biyu. Masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Ceará da ke Fortaleza a Brazil, waɗanda suka daɗe a wannan fanni, sun ba da rahoton irin wannan sauyi a L-lusin a wajen 353 K, wato 80 °C. Ƙungiyar Elena Boldyreva a Novosibirsk ta yi aiki mai yawa a kan siffofin gilaisin. Kwatanta sakamakonka da nasu, amma ka duba siffar da suka fara da ita da saurin ɗumamawarsu kafin ka ce kun saɓa.

Fitar ruwa tana da tata alama. L-asfarajin yana daskarewa da ƙwayar ruwa ɗaya ga kowace ƙwayarsa, kuma a wajen 90 °C zuwa sama tuddan O–H na kusa da 3400 cm⁻¹ suna dushewa, girgizar jeri ta birkice, kiristal ya yi fari kamar alli. TGA za ta nuna raguwar nauyi kusan kashi 12 cikin ɗari, daidai da giram 18 na ruwa a cikin giram 150. Zafin da wannan yake faruwa yana sauka idan iskar da ke wucewa a bushe take ko an daɗe a zango ɗaya, saboda haka dole ka rubuta kwararar naitirojin da tsawon jira.

Ruɓewa kuwa layin tushe ne yake fara tona ta: yana ɗagowa da ƙyalli har ya nutsar da tuddai, launi ya koma rawaya sannan ruwan ƙasa. Sababbin tuddai a wannan lokaci na wani sinadari ne dabam. Gilaisin yana haɗuwa biyu-biyu ya saki ruwa ya zama zoben diketofiferazin. Gulutamik asid yana sakin ruwa ya zama firogulutamik asid. Komawa leza ta 785 zai ƙara maka zango ɗaya ko biyu kafin ƙyalli ya rufe komai.

Idan kana shakkar ko wani tudu na NH₃⁺ ne, sake raino kiristal daga ruwa mai nauyi, D₂O, sau biyu. Haidirojin da ke kan naitirojin zai musanya da diyuteriyam, tuddansa su gangara sosai, na miƙewa daga sama da 3000 zuwa wajen 2200 ko 2400, na C–H kuma su tsaya kusan inda suke.

Maimaita gwajin gaba ɗaya da kiristal uku. Ka ba da zafin sauyi a matsayin tazara, daga mafi ƙasa zuwa mafi sama da ka gani.

Idan wani abu ya rasa

Babu Raman amma akwai FTIR, na'urar da ke auna girgizar ƙwayoyi da hasken infrared: nemi kan ATR, wato wurin da ake matsa samfuri, na daimon mai ɗumama, wanda yawanci yake kai 200 °C ko fiye. Yi aiki daga 4000 zuwa 400 cm⁻¹, da rarrabewar 4 cm⁻¹, awo 32 zuwa 64. Ɗauki awon fanko a kowane zafi kafin ka sa samfuri, domin daimon kansa yana canzawa da zafi, tururin ruwa da CO₂ na wajen 2350 cm⁻¹ ma suna kai-komo. Ba za ka ga girgizar jeri ba, amma a gilaisin akwai mafita: alfa tana da tudu a wajen 910 cm⁻¹, gamma a wajen 930. Matsa samfurin sau ɗaya ka bar shi, kada ka ƙara ɗaurewa a tsakiya. Guji haɗa samfuri da gishirin KBr a matse su su zama ƙwaya a wannan aiki. Niƙa da matsi suna iya sauya siffar kafin ka fara, KBr kuma yana shan laima, ruwan da zai saki a kan zafi ya ruɗe ka.

Babu akwatin zafi: ɗumama samfurori dabam-dabam a tanda, kowanne a zafinsa na tsawon minti 30, ka sanyaya su a desiketa, ka auna a zafin ɗaki. Wannan hanya tana kama abin da ba ya komawa ne kawai, irin gamma zuwa alfa da fitar ruwa da ruɓewa. Sauyi mai komawa zai wuce ka. Sa ma'aunin zafi na waya kusa da samfuri a cikin tandar, kada ka dogara da lambar da ke ƙofarta. Samfurin da ya rasa ruwa a auna shi nan take, kafin ya sake shaƙa daga iska.

Babu kiristal mai kyau: yi amfani da gari, a daka shi a hankali ba a niƙa shi lilis ba, a shimfiɗa siriri a kan gilashi. Gari ya kuɓutar da kai daga matsalar juyawar kiristal, amma ba ya watsa zafin leza da kyau, saboda haka sake mataki na shida da garin, kuma ka auna wurare uku a kowane zango.